Zaman Alhamis a Naraguta

Ranar Alhamis, bayan la'asar,
muna jan kujerun aji mu yi da'ira.
Babu malami. Mu muka ce kada su zo,
don in babba na wuri, harshen yaro kwanciya yake yi.
Nanret ce mai agogo,
minti uku-uku, ko kai ɗan wane ne,
in ya cika ta buga cokali a kwalbar lemo.

Yau a allo an rubuta da jan alli:
Takardar shaidar asali, ta wa ce?

Ni Sallau na fara miƙewa.
Na ce a Gangare aka yanke cibiyata,
a Gangare aka yanke ta babana,
kakana kuwa aikin tilas ya kawo shi daga Rano
zamanin da Bature ke neman kuza ruwa a jallo.
Ya tona ƙasar nan har tari ya tone masa ƙirji,
a cikinta aka rufe shi.
Da na je sakateriya neman takarda
magatakarda bai ko ɗago kai ba, ya ce koma garinku.
Na je Rano. Suka dube ni sama da ƙasa,
suka ce Hausarka ma ta Jos ce.
Kwalba ta yi ƙara.
Na zauna da ragowar maganata a baki.

Kangyang daga zaune ta yi tata,
tana murza biro tsakanin tafukanta.
Ta ce, Sallau, irin ramin da kakanka ya haƙa
akwai shi bayan gidanmu a Bukuru.
Gonar accar kakata ce.
Yanzu kududdufi ne, kore shar, ba ya ƙafewa,
ba a sha, ba a wanki,
bara ya ci ƙanena Davou, yana aji uku.
Takardar nan da kake kira shinge
ita kaɗai ta rage mana da ba a haƙe ba.

Aji ya yi tsit, har ana jin yayyafi bisa kwano.
Nanret ta manta da cokalinta.

Sai Obiora, ɗan sashen tattalin arziki,
wanda shagon uwarsa ya tafi a gobarar Taminus,
ya ce, ku biyu kuna ja-in-ja kan ƙashi,
wa ya tambayi inda tsokar ta tafi?
Jirgin ƙasa ya kai ta teku,
teku ta kai ta inda ba a san sunan Dilimi ba.
Haka aka yi wa baƙar fata a Kwango,
a kwashe dutse, a bar musu rami da gaba.
Wani daga baya ya ce, malam,
shekara sittin da tafiyar Bature,
wa ya riƙe mana hannu kada mu cike ramin?
Aka yi dariya, irin mai ɗaci a ƙarshe.

Wuta ta ɗauke. Muka kunna wayoyi,
fuska goma sha tara ta koma shuɗiya.
Muka soma wasiƙa zuwa majalisar jiha.
A katange kududdufai: kowa ya ɗaga hannu.
Layi na biyu ya ci mana sa'a guda
kan kalma ɗaya tak, baƙo.
Na ce a goge. Kangyang ta ce a bari.
Muka bar gurbinta fari, kamar giɓi a bakin yaro.

A bakin ƙofa ta karya gasasshiyar masararta, ta miƙo rabi,
ta ce, yaya sunan kakan naka?
Na ce Ɗanbaba.
Ta maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.
Na ce, Davou fa, yana buga ƙwallo?
Ta ce, gola ne, ba ya tsoron faɗuwa.

Keken da zai kai ta gida ba ya shiga unguwarmu,
nawa ma a mahaɗa yake juyawa.
Wasiƙar na aljihuna, ninki huɗu,
giɓin na nan yadda muka bar shi.
Alhamis mai zuwa ni ke riƙe da cokali.